Gwanintar Haɗa Ƙwayoyin Teku Faɗa

Daga Nasarawa Burkullu zuwa bakin teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma da yawa daga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum ba su san ruwan da ya fi kogin Zamfara da Gulbin Ka ba. Amma a 2017, lokacin da sanƙarau ya fi yi wa Zamfara ɓarna fiye da kowace jiha, allurar da aka riƙa ceton rai da ita, wato Ceftriaxone, asalin danginta daga teku yake. A 1945 wani likita ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya ɗebo ruwa a gaɓar tsibirin Sardiniya, daidai inda ƙazantar birnin Kaliyari ke kwarara cikin teku, ya samo wata fumfuna mai hana bakteriya sakat. Masana a Oksfod suka tace sinadarinta, daga nan magungunan Cephalosporin, dangin Ceftriaxone, suka yi ta haihuwa.

Brotzu ya yi dace ne. Masu binciken yau ba su zauna jiran dace ba, dabara suka ƙirƙiro, kuma ita ce ta burge ni.

Matsalar da suka tarar ita ce lalaci. Idan aka ɗauko ƙwayar teku aka ajiye ta ita kaɗai a kwalba, ga abinci, ga ɗumi, ba mai tsokanarta, sai ta miƙe ƙafa ta ci ta hayayyafa kawai. Da aka karance kundin gadon wata bakteriyar ƙasa mai suna Streptomyces coelicolor a 2002, an ga tana ɗauke da tsarin haɗa sinadarai sama da 20, alhali 'yan kaɗan aka san tana fitarwa. Sauran suna barci. Haɗa irin waɗannan sinadarai yana cin ƙarfi, ƙwayar kuwa ba ta asarar ƙarfinta a banza. A cikin teku, a jikin soso ko ciyawar ruwa, cunkoso ake yi, kowa na neman wuri, makami ya zama dole. Sai masana suka ce to a mayar mata da cunkoson. Uwargida ce da ta saki jiki, ranar da aka ce amarya na tafe, a ranar maigida zai san ashe ta iya girki.

Ga yadda aikin yake a kusa. Mai bincike zai zuba abinci mai daskarewa a ɗan farantin gilashi, an dama shi da ruwan gishiri don ƙwayoyin su ji kamar suna gida. Ya shuka fumfuna a gefe guda, bakteriya a ɗaya gefen, ya rufe. Kullum sai ya ɗaga farantin ya duba ta fuskar haske. Suna yaɗuwa suna dosar juna, har wata rana a ga ɗaya ta ja birki, an bar wani siririn fili fayau a tsakani, ko kuma bakin iyakar ya rine ya koma ja ko ruwan ɗorawa. Wannan layin shi ake nema. Sai a yanko shi a jiƙa, a tace, a saka a na'urar da ke auna nauyin sinadarai.

Gwanintar tana wajen kwatanci. Dole a reni kowace ƙwaya ita kaɗai a nata farantin, sannan a jera sakamako uku. Abin da ya bayyana a na haɗin, babu shi a sauran biyun, shi ne sabon abu. Akwai kuma sanin lokaci: bakteriya ta fi fumfuna saurin girma, in aka shuka su rana ɗaya sai ta mamaye farantin tun abokiyar faɗan ba ta tsaya da ƙafarta ba, don haka sau da yawa akan ba mai nawar 'yan kwanaki ta kafu tukuna. Wannan ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba, sai hannu ya saba.

A 2001 tawagar William Fenical ta cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ta haɗa wata fumfuna da aka samo a jikin ciyawar teku a tsibiran Bahamas da wata bakteriyar teku, sai ga Pestalone, wanda a gwajin farko ya nuna ƙarfi a kan bakteriyar da ta gagari magani. A 2007 suka haɗa fumfunar Emericella da bakteriyar Salinispora, sinadaran da fumfunar ke fitarwa ɗan mitsitsi suka ninka kusan sau 100. A 2017 tawagar Tim Bugni ta Jami'ar Wiskonsin ta samo Keyicin daga bakteriya biyu na tekun Fulorida. Wasu ƙwayoyin sai sun taɓa juna suke harzuƙa, wasu kuwa ko da an raba su da tankaɗe mai ƙananan ƙofofi, jin ɗuriyar abokiyar gaba ya wadatar.

Mu ya fi kamata mu kasa kunne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin da magani ya daina ci, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Duk wanda ya ga yadda ake sayen ja-da-yalo ƙwaya bibbiyu a kasuwar ƙauye, a sha yau a bari gobe, ya san ta inda ɓarakar take.

Kada dai a ɗauka maganin ya iso kemis. Da masana a Jamus suka haɗa Pestalone da hannunsu suka sake gwada shi, ƙarfinsa bai kai yadda aka fara zato ba. Sauran ma suna matakin bincike, kuma tsakanin farantin gilashi da allurar asibiti akwai gwaji a kan dabbobi, da mutane, da kuɗi masu ɗimbin yawa, abin da kan ci shekara goma ko fiye.