Rubutu mai lanƙwasa: kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Yau a Maraɗi ko Damagaram da wuya a yi ɗaurin aure ko suna ba tare da katin gayyata ba. Mai shago ma yana son allo bisa ƙofarsa. Masu buga takardu da kwamfuta suna da irin rubutu iri-iri. Wanda mutane suka fi zaɓe shi ne mai lanƙwasa, mai kama da na hannu.

Ɗaya daga cikin sanannu shi ne Edwardian Script, wanda wani Ba'amurke, Edward Benguiat, ya zana, ya fito a 1994. Babu musu, yana da kyan gani. Amma yana da aibi biyu.

Na fari, baƙaƙensa sirara ne, suna sarƙe da juna. Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci ya saba da baƙaƙe a tsaye, kowane da siffarsa. In aka ba shi irin wannan kati, sai ya nemi ɗan lakkwal ya karanta masa. Ke nan an maida shi baya.

Na biyu, ba don Hausa aka zana shi ba. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa. In mai bugu ya sa su, kwamfuta ta aro baƙi daga wani rubutu dabam, ko ta bar ɗan akwati. Don gudun haka sai ya yar da ƙugiya. Nan take baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗa ya koma da.

Wani zai ce: to, Coca-Cola fa? Gaskiya ne, da irin wannan hannu aka rubuta sunan tun wajen 1886 a Amurka. Amma suna ne guda, ana ganinsa kullum, har wanda bai yi karatu ba ya gane shi. Katinka kuwa sau ɗaya za a karanta.

Saboda haka a yi hankali. Sunan ango da amarya, ko sunan shago, ana iya yi musu lanƙwasa, amma kada a jera manyan baƙaƙe zalla. Rana, lokaci, unguwa da lambar waya kuwa a sa su da baƙaƙe a tsaye. Akwai rubutu mai suna Andika, wanda aka zana don sababbin masu karatu. Kyauta ne, kuma yana da baƙaƙenmu masu ƙugiya.

Kafin ka biya, ka ce a buga maka guda ɗaya. Ka miƙa wa wanda bai daɗe da iya karatu ba. In ya faɗi rana da wuri ba gargada, a buga saura. In allon shago ne, ka tsallake hanya ka duba daga can. In bai karantu ba, a sake.