Dashen Ciki da Gyaran da Ake Biya

In ka sayi tiyar masara a kasuwar Rano, gyaran da mai awo ya ɗora maka kyauta ne. A harkar dashen ciki, wato IVF, shi gyaran kuɗi ake biya, ba kaɗan ba kuwa. Bayan ainihin aikin, haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar da ɗan tayi mahaifa, sai a jero maka ƙarin ayyuka wai don sa'a ta ƙaru. Idan daga Fammar ko Kibiya kuka taso, kun sayar da gona ko shanu kafin ku isa Kano ko Abuja, da wuya ku ce a'a. To amma me bincike ya nuna?

Ɗauki kankare bangon mahaifa. Ana ɗan karce shi da siririn bututu kafin dashe, bisa zaton ɗan tayi zai fi kamawa. Tunanin da daɗin ji. A 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da aka yi da mata 1,364, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka kankare, kashi 26.1 cikin ɗari ne suka haihu. Waɗanda ba a taɓa ba, su ma 26.1. Ciwon ne kawai bambanci.

Na'urar da ke ɗaukar hoton ɗan tayi dare da rana ma ba ta ƙara haihuwa ba a gwajin Birtaniya da Hong Kong da mujallar Lancet ta fitar a 2024.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne PGT-A, inda ake ɗebo 'yan ƙwayoyi daga ɗan tayi a ƙirga kuromosom ɗinsa. A gwajin China na 2021 da mata 1,212 masu shekara 20 zuwa 37, kashi 77.2 suka haihu da shi, 81.8 ba tare da shi ba. Adalci dai, yana iya rage ɓari. Kuma kada ka haɗa shi da gwajin gano sikila a ɗan tayi. Wannan aiki ne daban, mai dalili ƙwarai a ƙasar Hausa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne salon tallar. A ce maka "ciki ya shiga", alhali jariri a goye kuka zo nema, ba layi biyu a tsinken gwaji ba. Hukumar HFEA ta Birtaniya tana sa wa kowane ƙari launi gwargwadon hujjarsa, kuma shafinta a buɗe yake ga duk mai waya.

Kafin ka biya, tambayi likita abu biyu. Cikin mata ɗari masu shekarun matarka, nawa ke haihuwa da ƙarin nan, nawa ke haihuwa ba shi? Kuɗinsa kuma, kashi nawa ne na kuɗin sake dashe karo na biyu?