Ɗora Hannu da Alkawarin Biyayya: Nazarin Naɗin Firist a Dayosis ɗin Minna

Ɗan Katolika da ya tashi a Bagama, cikin garin Suleja, idan ya ce zai zama Fada, ba Abuja zai nufa ba, duk da tana nan kusa da ƙofarsa. Suleja tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Minna, wanda aka ɗaga zuwa cikakken dayosis a 1973, Christopher Abba ya zama bishop ɗinsa na farko, Martin Uzoukwu kuma ya gaje shi a 1996. Bishop ɗin Minna ne ke da hurumin karɓarsa, ya tura shi seminari, kamar ta St. Augustine da ke Jos ko Good Shepherd ta Kaduna, ya kuma naɗa shi idan lokaci ya yi.

Hanyar tana da tsawo. Bayan sakandare akwai shekarun falsafa, akwai na ilimin tauhidi, da zaman koyon aiki a majami'u, abin da kan kai shekara takwas ko tara. Dokar cocin ta 1983 ta ce sai ya cika shekara 23 kafin a naɗa shi dikon, 25 kafin firist, da tazarar aƙalla wata shida tsakaninsu. Matakan naɗin uku ne: dikon, firist, bishop. Maza kaɗai ake naɗawa, Paparoma John Paul II ya rufe wannan muhawara a 1994. Alkawarin rashin aure kuwa tun ranar zama dikon ake ɗaukarsa.

Wanda ya saba ganin naɗin sarauta a fadar Sarkin Zazzaun Suleja ya san inda ido ke zuwa: rawani da alkyabba. Haka ma a coci. Lokacin da aka sa wa sabon firist rigar Misa, aka shafa masa mai a tafin hannu, aka miƙa masa ƙoƙon ruwan inabi da farantin gurasa, a nan 'yan Zumuntar Mata ke rangaɗa guɗa, wayoyi su tashi sama. Amma a lokacin an riga an gama naɗin. Ainihinsa ya faru ne ɗazu, sa'ad da saurayin ya tashi daga kwanciyar rubda-ciki da ya yi ana roƙon tsarkaka, ya durƙusa, bishop ya ɗora hannu biyu a kansa bai ce uffan ba, firistoci suka bi layi suka yi haka, sannan bishop ya yi addu'ar keɓewa.

Kada a zargi jama'a da ruɗewa, domin malaman cocin ma sun daɗe suna jayayya a kai. Majalisar Florence a 1439 ta ɗauki miƙa ƙoƙo da gurasa a matsayin jigon sakrament ɗin. Sai a 1947 Paparoma Pius XII ya yanke cewa ɗora hannu da addu'ar da ke biye da shi su ne naɗi, sauran duk bayani ne. A ganina hukuncin ya dace da tunanin cocin kansa. Ƙoƙo kayan aiki ne, ana iya sayensa a kanti. Hannun da aka ɗora kuwa na wanda shi ma wasu suka ɗora masa ne, silsilar da Katolika ke cewa ta faro daga manzannin Yesu. Saboda tsare ta ne Majalisar Nikiya, tun shekara ta 325, ta wajabta aƙalla bishop uku wajen naɗa sabon bishop.

Sai dai abin da ya fi nauyi a rayuwar wanda aka naɗa wani ɗan sashe ne da bai kai minti ɗaya ba. Yakan sa hannuwansa cikin na bishop, ya yi alkawarin girmamawa da biyayya gare shi da duk wanda zai gaje shi. Shi na dayosis ne, ba shi da zaɓin gari. A ƙasar da ke zaman lafiya wannan magana ce ta canjin wurin aiki. A Jihar Neja ta wuce haka.

Fada Isaac Achi, wanda aka naɗa a 1995, shi ne firist ɗin cocin St. Theresa da ke Madalla, a ƙaramar hukumar Suleja, ranar Kirsimetin 2011 da bam ɗin Boko Haram ya tashi a ƙofar cocin ya kashe mutum fiye da 30. Ya tsira. Daga baya aiki ya kai shi Kafin Koro a ƙaramar hukumar Paikoro, inda 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta ranar 15 ga Janairu, 2023, ya ƙone a ciki. Shekara biyu kafin haka an kashe Fada John Gbakaan na wannan dayosis bayan an sace shi a hanya. Duk saurayin da ke durƙusawa a gaban bishop a Minna yau ya san waɗannan sunaye, uwarsa ma ta sani.

Shi ya sa nake ganin shagalin da ke biyo bayan naɗi ya fara rinjayar abin da ake shagalin dominsa. Anko, rumfuna, gudummawar sayen mota, dangi na faɗin gidansu ya samu babban mutum. Ba laifi ba ne iyaye su yi murna da ɗan da suka sallama wa coci kusan shekara goma. Laifin yana inda aka koya wa yaro mai shekara 27 cewa ya hau kujera, alhali katakis ɗin ƙauyen da za a tura shi ya girmi mahaifinsa, ya kuma fi shi jin Gbagyi ko Koro.

Akwai kuma tambayar da bishop ke yi a farkon bikin, ko an tabbatar waɗannan samari sun cancanta. Firist ɗaya ke amsawa, yana cewa an tuntuɓi jama'a. Ana kan yi sanarwa a majami'u kafin ranar, domin mai ƙorafi ya fito. Amma wa zai tashi ya soki ɗan maƙwabcinsa bayan an ɗinka anko? Wannan tuntuɓa ta cancanci a yi ta da wuri, a asirce, a kuma haɗa da mata da matasan da ya yi aiki cikinsu, tunda a koyarwar Katolika naɗi ba ya goguwa: ana iya dakatar da firist, ana iya sallamarsa daga aiki, amma ba a warware naɗinsa, ba a kuma maimaita shi.