Jinjina ga Masu Fentin Mota

Mota 'yar Kwatano ba kasafai take isowa Kano da fentinta garau ba. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya ci ƙarƙashinta, ga ƙarce a ƙofa. Sai masu fenti na Ƙofar Ruwa su karɓe ta. Dubi maigida a tsugune, yana goga da samfefa da ruwa, yana shafawa da tafin hannu, domin hannu kan ji tudun da ido ya tsallake. Launi kuwa ɗigo-ɗigo yake haɗa shi, ya fita rana ya gwada da murfin tankin mai. Ruwan toka mai ƙyalli ya fi wahala, amma wallahi sai ya kamo shi.