Wa ke Riƙe da Ƙofar Muhawara? Yadda Talabijin ke Tace 'Yan Takara a Amurka

A ranar 15 ga Janairu 2008, ana saura sa'o'i kaɗan a fara muhawarar masu neman tikitin jam'iyyar Democrat a birnin Las Vegas, Kotun Ƙolin jihar Nevada ta yi zaman gaggawa a kan tambaya guda: shin tilas ne gidan talabijin na MSNBC ya ba Dennis Kucinich kujera? A lokacin Kucinich ɗan Majalisar Wakilai ne daga jihar Ohio, kuma tsohon magajin garin Cleveland. Gidan ya aika masa da gayyata, daga baya ya janye, ya ce mutum uku da ke kan gaba kaɗai za su hau dandamali. Wani alƙali ya ba da umarnin a saka shi, Kotun Ƙoli ta soke umarnin. A daren nan Hillary Clinton da Barack Obama da John Edwards ne suka zauna gaban kyamara. Clinton da Edwards sun jefa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi a 2002, Obama kuwa bai shiga Majalisar Dattawan ƙasar ba tukuna a lokacin. Wanda ya tsaya a zauren majalisa ya ce a'a, shi aka bari a waje. Kafin watan ya ƙare ya janye daga takara.

A Amurka jama'ar gari ne ke fid da gwanin jam'iyya, jiha bayan jiha. Ƙasar kuwa tana da faɗi, ba yadda ɗan takara zai zaga ta gida gida. Saboda haka muhawarar talabijin ta zama babbar mahaɗa tsakanin mai neman ƙuri'a da mai ba da ita. Wanda ya tsara wa zai hau dandamalin nan ya riga ya yi zaɓen farko kafin a buɗe rumfa. Abin da ya kamata a duba shi ne wa ya damƙa masa wannan iko, da wane ma'auni yake aiki, kuma wa ke cin ribarsa.

Yadda makulli ya koma hannun tashoshi

Dokar sadarwa ta 1934 tana da wani sashe, na 315, wanda ya ce duk tashar da ta ba ɗan takara fili, sai ta ba abokan takararsa kwatankwacinsa. A 1959 wani mai suna Lar Daly, wanda ba a raba shi da tsayawa takara a Chicago, ya nemi a ba shi lokaci daidai da wanda aka nuna magajin garin a labarai, hukumar sadarwa ta ƙasa ta ce yana da gaskiya. Hankalin tashoshi ya tashi, Majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima a shekarar, ta cire shirye-shiryen labarai daga cikinta. A 1960 sai da aka dakatar da sashen na ɗan lokaci kafin Kennedy da Nixon su kara su biyu. A 1975 hukumar ta ce muhawara ita ma labari ce, muddin wata ƙungiya daban ce ta shirya. A 1983 ta ƙara sassautawa, ta ce tashar da kanta tana iya shiryawa. Daga nan mai ɗaukar hoton taro ya zama mai rubuta sunayen waɗanda za a gayyata.

Akwai lokacin da hukuma ke kallon warewa a matsayin kyauta ga wanda aka zaɓa. A Fabrairun 1980 jaridar Nashua Telegraph ta jihar New Hampshire ta shirya muhawara tsakanin Ronald Reagan da George Bush su kaɗai. Hukumar zaɓe ta ce idan jaridar ta biya kuɗin, to gudummawa ce ta haram ga mutanen biyu. Reagan ya biya, sannan ya shigo da sauran 'yan takara huɗu. Da mai gabatarwa ya ce a kashe masa makirufo, Reagan ya fusata ya ce shi ya biya kuɗinsa. Amurkawa na tuna wannan furuci har yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutanen huɗu sun sauka, an ci gaba da muhawarar da mutum biyu.

Shari'a ta ƙarasa rufe ƙofar a 1998. Ralph Forbes, ɗan takara mai zaman kansa a jihar Arkansas, ya kai ƙarar gidan talabijin na gwamnatin jihar da ya ƙi gayyatarsa. Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai shida a kan uku, ta ce gidan yana da ikon warewa in dai ba don ra'ayin mutum ya yi ba. Idan tashar gwamnati ta samu wannan dama, ta 'yan kasuwa ba a magana. Abin da ya rage shi ne sharaɗin hukumar zaɓe cewa a yi amfani da ma'auni bayyananne da aka tsara tun da wuri. Tashar ce kuma ke tsara shi.

Ma'aunin da ke auna aikin mai auno

Ma'aunin da aka fi dogaro da shi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ce. A ido yana kama da adalci: jama'a aka tambaya, su suka faɗa. Amma a watannin farko, lokacin da yawancin mutane ba su fara bin zancen zaɓe ba, wanda aka buga wa waya sunan da ya taɓa ji yake ambata. A ina ya ji sunan? A tashar da ke shirya muhawarar, wadda sau da yawa ita ce ta ɗauki nauyin tambayar. Ba a nuna ka a labarai ba, don haka ba a san ka ba. Ba a san ka ba, don haka ba ka kai kason da ake nema ba. Ba ka kai ba, don haka ba za a nuna ka ba. Su ke kiɗansu, su ke rawarsu.

Lissafin ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Idan an tambayi mutum 500, kashi ɗaya cikin ɗari mutum biyar ne kacal, alhali kuskuren da masu binciken kansu suke amincewa da shi ya haura kashi huɗu. A watan Agustan 2015 Fox News ta raba 'yan takarar Republican 17 da irin wannan lissafi: goma suka samu babban zaman dare a Cleveland, wanda mutum miliyan 24 suka kalla, bakwai aka ba su ƙaramin zama da yamma a zauren da kusan babu kowa. Tazarar da ke tsakanin na goma da na goma sha ɗaya ba ta kai girman kuskuren ma'aunin ba.

Wani lokacin ma sunan mutum ba ya cikin jerin da ake karanta wa jama'a. Lawrence Lessig, farfesan shari'a a jami'ar Harvard, ya tara dala miliyan ɗaya daga ƙananan masu gudummawa a 2015 don ya yi takara a kan batu guda: yadda kuɗi ya mamaye siyasa. Ƙuri'u da dama ba su saka sunansa ba. A farkon Nuwamba ya janye, yana cewa an sauya ƙa'ida ta yadda ba zai taɓa cika ta ba.

Wane bare ake gudu?

Kuskure ne a ce talabijin na ƙin duk wanda ba ɗan gida ba. A 2015 Donald Trump bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, jiga-jigan jam'iyyarsa ba sa son sa, amma shi aka tsayar a tsakiyar dandamalin Cleveland. Ya yi shekaru da dama yana gabatar da shiri a NBC, kuma duk inda ya buɗe baki 'yan kallo na ƙaruwa. A Fabrairun 2016 shugaban CBS na lokacin, Les Moonves, ya faɗa a fili cewa wannan kakar zaɓe mai yiwuwa ba alheri ba ce ga Amurka, amma alheri ce babba ga CBS. Muhawara shiri ne da ake sayar da talla a cikinsa, kuma mai talla yawan idanu yake saye.

Baren da ake rufe wa ƙofa shi ne wanda ba shi da suna irin na taurari, ba shi da dukiya, kuma yana ɗauke da maganar da ba ta yi wa manyan jam'iyya daɗi. A 1992 an kama Larry Agran, tsohon magajin garin Irvine, a wajen muhawara a New York saboda ya miƙe yana neman a saurare shi. A 1996 'yan sanda sun fitar da Alan Keyes, tsohon jakada, daga harabar wani gidan talabijin a Atlanta da ankwa a hannunsa. Buddy Roemer ya yi gwamnan Louisiana, ya yi wa'adi huɗu a Majalisar Wakilai, ya kuma ƙi karɓar gudummawar da ta wuce dala 100 daga mutum guda. Ko sau ɗaya ba a gayyace shi manyan muhawarorin zaɓen 2012 ba. Gary Johnson, wanda ya mulki New Mexico shekara takwas, sau biyu kaɗai ya samu shiga.

Misalin da ya fi tona asirin tsarin shi ne na Ron Paul, ɗan Republican da ke adawa da yaƙin Iraƙi. A watanni ukun ƙarshe na 2007 ya tara kusan dala miliyan 20, fiye da kowane abokin takararsa a jam'iyyar. A zaɓen Iowa na 3 ga Janairu 2008 ya samu wajen kashi goma, ya ninka abokin takararsa Rudy Giuliani fiye da sau biyu. Kwana uku bayan haka Fox News ta shirya zama a New Hampshire, ta gayyaci Giuliani da Fred Thompson, ta bar Paul, tana kafa hujja da ƙuri'un jin ra'ayi na ƙasa baki ɗaya. Reshen jam'iyyar na jihar ya janye hannunsa daga taron don nuna rashin amincewa. Ranar zaɓen jihar Paul ya samu wajen kashi takwas, Thompson ya tashi da kashi ɗaya da 'yan kai. An fifita hasashe a kan ƙuri'ar da jama'a suka jefa da hannunsu.

Da jam'iyyu suka shigo

Daga 2015 uwayen jam'iyyun biyu suka ƙara riƙe ragamar: su ke amincewa da muhawara, kuma wanda ya halarci wadda ba su amince da ita ba ya rasa kujerarsa. A 2019 Democrat ta kawo sabon ma'auni da niyyar buɗe ƙofa: ko kashi ɗaya a ƙuri'u uku, ko masu gudummawa 65,000. Ya taimaki Andrew Yang, wanda ba a san shi ba sai a intanet. Amma da aka ninka adadin zuwa 130,000, sai 'yan takara suka koma zuba kuɗi a tallan Facebook don farautar mai ba da dala ɗaya, suna kashe ninkin abin da suke samu. A ƙarshen Janairun 2020, bayan sanatoci da gwamnoni sun riga sun faɗi a kan wannan sharaɗi, jam'iyyar ta soke shi, attajiri Michael Bloomberg, wanda ba ya karɓar gudummawa, ya samu shiga muhawarar Las Vegas. A 2023 Republican ta nemi masu gudummawa 40,000, sai gwamnan North Dakota, Doug Burgum, ya riƙa ba da katin sayayya na dala 20 ga duk wanda ya ba shi dala ɗaya. Ya samu kujera. Ma'aunin da aka ƙirƙiro don gane wanda talakawa ke so ya koma abin da mai kuɗi ke saye.

Hujjar masu tacewa

Masu shirya muhawara suna da hujja mai nauyi. Ɗaruruwan mutane ne ke cike takardar neman shugabancin Amurka kowace kaka, ba dandamalin da zai ɗauke su. Mutum goma a sa'a biyu ma kowa 'yan mintoci yake samu. Najeriya ta ɗanɗana wannan a 2019, lokacin da aka gayyaci jam'iyyu biyar daga cikin 'yan takara 73, Omoyele Sowore da magoya bayansa suka yi ta ƙorafi, sannan manyan biyun, Muhammadu Buhari da Atiku Abubakar, ba su hau dandamalin ba. Tacewa dole ce. Abin ƙi shi ne mai tacewar ya kasance yana da riba a sakamakon, kuma yana iya sauya rariya bayan ya ga wanda zai faɗo.

Gyaran bai fi ƙarfin mai niyya ba. A bayyana ƙa'ida shekara guda kafin zaɓe, kada a taɓa ta. Duk ƙuri'ar jin ra'ayi da za a ƙirga, sai ta karanta sunan kowane ɗan takara da ya cika sharuɗɗan tsayawa a jihohi. Muhawarorin farko su kasance masu faɗi, a raba su dare biyu ta hanyar canki-canka kamar yadda Democrat ta yi a Yunin 2019, tsanantawa kuwa ta jira sai jama'a sun fara zaɓe. Hukuncin wa zai shiga ya koma hannun ƙungiyar da ba ta sayar da talla kuma ba ta da ɗan lele.

Mai yiwuwa Kucinich da Paul da Roemer da Lessig ba za su ci zaɓe ba ko da an saka su a kowane zama. Amma muhawara tana da wani aiki bayan fid da gwani: tilasta wa wanda zai yi mulki ya amsa tambayar da abokan tafiyarsa ba za su yi masa ba. Waɗannan mutane tambayar yaƙi da tambayar kuɗi a siyasa suka zo da su, kuma su ne batutuwan da suka ci gaba da damun Amurka shekaru bayan haka. Asarar da aka yi wajen rufe musu ƙofa ta faɗa ne a kan mai jefa ƙuri'a, wanda ya je rumfa bai ji amsar da ke haƙƙinsa ba.