3.2 Ƙuruciya da Daji a Cikin Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gina Shaihu Umar (1934) ne a kan tuna baya, inda malami ke ba almajiransa labarin rayuwarsa a Rauta. Amma idan aka duba sosai, za a ga ƙuruciyar Umar ba ta da wasa. Gidan da ya tashi a Kagara bai daɗe ba ya watse, saboda ƙazafin da aka yi wa Makau, mijin uwarsa. Dajin da yaran ƙauye ke shiga neman kanya da tsada kuwa, shi Umar ɗaukarsa aka yi aka kai shi, lokacin da Gumuzu ya sace shi, har kura ta cinye ɓarawon. Wannan ya dace da jigon bauta.

Sai dai akwai rauni a nan. Umar yana zayyana makircin fadawa filla-filla, alhali yana ƙaramin yaro a lokacin. Saboda haka muryar da mai karatu ke ji a wannan sashe ta marubucin ce, ba ta yaron da abin ya faru a gidansu ba.