Bot Ɗin Da Ba Ya Amsa Sallama

A wata rumfar cajin waya da ke bakin hanyar shiga Goronyo, mai wannan rubutu ya zauna kusa da wani dattijo manomin albasa wanda ɗansa ya sa masa lambar wata manhajar ba da shawarar noma a WhatsApp. Irin manhajar nan ce da 'yan zamani ke kira bot, wadda ake rubuta wa saƙo ta mayar da amsa nan take, alhali babu mutum a ɗaya ɓangaren. Dattijon ya gyara zama, ya miƙa wa ɗan nasa wayar ya ce a rubuta salamu alaikum. Kafin yaron ya ɗaga yatsa amsa ta faɗo: "Ban gane ba. Danna 1 don farashi, danna 2 don taki." Ya ce to a rubuta an wuni lafiya. Ban gane ba. Yaron ya ce, "Baba, a faɗa mata matsalar kawai." Aka rubuta cewa ƙwari sun kama albasa, ganye yana yin fari-fari yana bushewa daga sama. Ban gane ba. Dattijon ya karɓi wayarsa ya jefa a aljihun riga, ya ce, "Wanga abu ba shi da tarbiyya."

Mai wannan rubutu ya yi dariya a lokacin, amma har yau bai sami hukuncin da ya fi wannan dacewa ba. Gyara ɗaya kawai zai yi wa maganar dattijon: rashin tarbiyyar na wanda ya rubuta manhajar ne, ita na'ura abin da aka koya mata take yi.

Kowane bot yana da zaure, wato wurin da saƙo ke fara sauka a cikin rubutun manhajar. Telegram ta buɗe wa masu ƙirƙira wannan ƙofa a 2015, WhatsApp kuma ta buɗe wa kamfanoni tata a 2018. Idan mutum ya aika saƙo, yana isa sabar kamfani kamar ƙunshi: ga lambar mai aikowa, ga lokaci, ga nau'in saƙon, rubutu ne ko hoto ko murya, sannan ga abin da ke ciki. Daga nan sai 'yan layukan da mai rubuta manhaja ya tsara su yanke hukuncin abin da za a yi da baƙon. Abin da ya zama yayi, kuma shi ne abin da ke ƙona wa mai wannan rubutu rai, shi ne a ɗauki kalmar farko, a mayar da ita ƙananan baƙaƙe, a gwada ta da wani ɗan jeri na umarni, idan ba ta dace ba a ce ban gane ba. Shi ke nan, an gama aiki, an tafi shan shayi. Ko ELIZA, tsohuwar manhajar hira da Joseph Weizenbaum ya rubuta a Amurka ya kuma bayyana ta a 1966, ba ta yi wannan lalaci ba. Ita takan bi jimla gaba ɗaya tana neman kalmar da ta fi nauyi. Shekara kusan sittin ke nan, jikokinta kuma suna tuntuɓe a kan sallama.

A ina aka taɓa jin Bahaushe ya fara magana da buƙatarsa? A duba tarihi ma: a Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake, kuma daularsa da wasiƙa aka tafiyar da ita. Wasiƙar wancan zamani da bisimilla take farawa, sai salati, sai daga wane zuwa wane, sai gaisuwa, kafin a ce bayan haka a shiga abin da ya kawo manzo. Har malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ya gaji wannan tsari: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Duk mai karanta wasiƙa ya san inda zai sa ido ya tsallake, ya kuma san cewa tsallakewar ba ta hana shi amsa gaisuwar ba. Layi goma na rubutun manhaja sun isa a koya wa bot wannan: ya gane sallama da ina kwana da barka da aiki, har da slm da ykk da lfy na matasa, ya amsa su, ya ajiye su gefe, ya jira bayan haka. Ba a rubuta layi goman ba ne kawai.

Ga kuma ɗabi'ar aika magana gutsure-gutsure. Slm, a aika. Don Allah, a aika. Tambaya gare ni, a aika. Sai a saƙo na huɗu maganar ke fitowa. Bot ɗin da aka rubuta cikin gaggawa yana ɗaukar kowane gutsure a matsayin hira sabuwa, ya jefo ban gane ba har uku kafin mutum ya kai ga bakin zaren. Maganin ba wani sihiri ba ne, a sa shi ya dakata 'yan daƙiƙu ya haɗa saƙonnin wuri guda. Haƙuri ne, kuma ana iya rubuta shi.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne wajen baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Akwai wani layi da masu koyo ke kwafowa daga darussan Turanci, wanda ke share duk wata alamar da ba ta cikin a zuwa z, wai ana tsabtace saƙo. To ƙ ba ta cikin wannan jeri. Ke nan ɗan dattijon Goronyo, da ya yi ƙoƙari ya rubuta ƙwari daidai, abin da ya isa cikin manhajar shi ne wari. Ɗaya ta koma aya. Ƙasa ta koma asa. Wanda ya iya rubutu shi aka fara hukuntawa! Wanda kuma ya rubuta kwari babu lanƙwasa ya bar bot da aikin rabe ƙwarin gona da kwarin fadama, kuma ba laifinsa ba ne. A saƙon tes, baƙi 160 ke shiga saƙo ɗaya, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya tsarin yakan sauya ya koma 70, sai saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Ga shi wayoyi da yawa ba su da baƙaƙen ma. Mutane sun yi shekaru suna rubuta kasa suna nufin ƙasa, wasu k'asa, wasu qasa, kuma 'yan'uwansu suna ganewa. Bot ɗin da ba ya karɓar dukkansu bai shirya zuwa arewa ba.

Akwai wanda ya fi wannan. Masu sarrafa rubutu suna da jerin ƙananan kalmomin Turanci da ake zubarwa saboda ba su ɗauke da ma'ana mai yawa, kuma jerin da ke cikin NLTK, ɗaya daga kayan aikin da ɗalibai suka fi amfani da su, yana ɗauke da i, da to, da me, da so, da in, da an, da can, da don, da ma. A Hausa waɗannan su ne maganar. I amsa ce, to yarda ce, me tambaya ce, so buƙata ce. Mai manhaja ya tambayi manomi ko yana son a turo masa farashi, manomi ya ce to, manhaja ta share to ɗin, ta duba ta ga babu komai, ta ce ban gane ba. Ita ta cinye amsar, ta kuma dawo tana tuhumar mai amsa.

Wani zai ce ai duk wannan raha ce. Ba raha ba ce idan aka zo kan korewa. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma aka fara raba tallafin taki ta saƙon waya, manoman arewa suka saba da cewa abin da ke cikin waya yana iya zama buhu a gona. A ɗauka yau wata ƙungiya ta tambaya ta bot, ka samu taki? Manomi a Rabah ya rubuta, ban samu taki ba. Manhajar da ke farautar kalmomi ta ga samu, ta ga taki, ta rubuta a rajista cewa ya karɓa. Ban ɗin da ba ɗin da suka rungume jimlar, su ne gaba ɗaya saƙon, an tsallake su. A'a kuwa, idan aka cire mata ɗan wakafin sama, ta zama aa, babu ita a kowane jeri. Wannan kuskure ba ya ihu. Lambobi ne za su hau rahoto su tafi Abuja suna cewa kowa ya samu.

Sai Sakkwatanci, wanda masu rubuta manhaja a Legas ba su san da shi ba, na Kano kuma suna yi kamar ba su sani ba. Mutumin Wurno tahi yake cewa, da hwari, da shina, da kuɗɗi, da mi a wurin me, kuma yadda yake faɗa haka yake rubutawa. Idan ya ce jikka biyar naira dubu yake nufi, ɗansa kuma zai rubuta 1k. A tambaye shi ƙaramar hukumarsa, wani ya rubuta Rabah, wani Raba, wanda a wurin na'ura ba shi da bambanci da raba kaya ko raɓar asuba. Goronyo ma akwai masu rubuta Gwaranyo. Ƙananan hukumomi 23 ne kacal a jihar Sakkwato. Rubuta kowace da siffofinta uku ko huɗu aikin yini guda ne, da hira da direbobin tasha.

Duk wannan ma ga masu rubutu ke nan. Mafi yawan waɗanda ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, da masu shinkafa da tafarnuwa a fadamar Wurno, da murya suke aika saƙo. Danna, yi magana, saki. Manhajoji da yawa kuwa layin farko na zaurensu cewa yake, idan ba rubutu ba ne a yi watsi da shi. Mutum ya yi minti biyu yana bayanin ciwon gonarsa, ko ban gane ba ɗin ma bai samu ba. Shiru. Sabis ɗin yankin kuma kowa ya san halinsa, yanzu yana nan, an jima ya ɓace. A Satumban 2021 ma gwamnati ta rufe layukan waya ɗungurungum a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. A irin wannan wuri saƙonni kan taru su iso a tare, wani ya iso sau biyu. Kowane saƙo yana da lambar shaidarsa da lokacin da aka aika shi, don haka manhajar da ta yi wa mutum rajista sau biyu, ko ta manta da hirar jiya ta mayar da shi danna 1, ba ta da uzuri.

To, a yi adalci kaɗan. Yawancin masu rubuta waɗannan manhajoji matasa ne da aka ba mako biyu da kuɗin da bai kai ya kawo ba, kuma danna 1 danna 2 yana aiki, tun da manoman nan da kansu suna tura kuɗi da lambobin banki masu tauraro. An ji. Amma kayan aikin suna nan kyauta. RapidPro, wadda UNICEF ke tafiyar da U-Report a kanta, shirin da ya shigo Nijeriya a 2014, tana barin mai tsarawa ya jera kalmomi da yawa ga amsa ɗaya, ya kuma ware duk saƙon da bai dace ba a wani rukuni. Wannan rukunin shi ne makarantar mai manhaja. Da zai zauna duk Juma'a ya karanta abin da bot ɗinsa ya kasa ganewa, cikin wata biyu zai iya Sakkwatanci.

Sabon yayin kuma shi ne a kwashe saƙo yadda ya zo a miƙa wa manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, su ji da shi. Mai wannan rubutu ba zai ƙi gaskiya ba, waɗannan suna amsa sallama, har su wuce gona da iri, kuma sukan gane ban samu ba. Ya ji daɗin hakan, ko da yake cikin ƙunƙuni. Sai dai Hausarsu ta littafi ce, kuma ba sa jin kunyar amsa abin da ba su sani ba. Tsohon bot yana cewa ban gane ba alhali maganar a fili take, sabon kuma yana iya cewa ya gane sarai, ya ƙirƙiro ma'aunin maganin feshi ya ba mai albasa. A nan ma zauren ne ke buƙatar mai gadi: wace tambaya za a bar wa na'ura, wacce za a miƙa wa malamin gona mai rai.

Roƙon mai wannan rubutu ga matasan da ke wannan aiki a Sakkwato da Kano da Zariya ɗaya ne. Kafin a ƙaddamar da bot na gaba, a nemi izinin mutum hamsin a kasuwar Achida ko ta Goronyo, a ba su lambar, kada a koya musu komai, a tsaya a gefe a ga abin da za su fara aikawa. Sannan a koma a rubuta zauren daga abin da aka gani. Idan kuma duk da haka na'ura ta kasa, a daina sa ta tana cewa ban gane ba kamar mai ɗora laifi. Ta amsa sallamar tukuna, ta ce Baba a yi haƙuri, za a haɗa ka da mutum, kuma a haɗa shi ɗin.